Na'urar ELM327: abin da take iya yi wa tsohuwar mota da abin da ba ta iyawa

ELM327 'yar na'ura ce mai girman akwatin ashana da ake cusawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗa ƙwaƙwalwar mota da wayar hannu ta Bluetooth. A AliExpress kuɗinta bai kai dala 10 ba, kuma ana samunta a Jumia da Jiji. Ga mai Corolla, Camry ko Accord da suka shigo daga Amurka, wanda ke son ya riƙa taɓa motarsa da kansa ranar hutu, ta ci kuɗinta har da riba. Ga mai Golf 3 ko tsohuwar Marsandi kuwa, asarar kuɗi ce. Dalilin na nan a shekarar motar da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Amurka ta wajabta tsarin OBD2, wato yaren bai-ɗaya da irin wannan na'ura ke magana da ƙwaƙwalwar mota da shi, a kan motocin da ake sayarwa a can tun daga 1996. Turai ba ta bi sahu ba sai 2001 ga motocin fetur, 2004 kuma ga masu dizal. Saboda haka Camry ta 1998 'yar Amurka za ta yi magana da wannan na'ura, amma motar Turai ta wannan shekarar ba lallai ba ne. Kada ganin soket mai ramuka 16 ya ruɗe ka. Golf 3 na ƙarshe-ƙarshe na da irin wannan soket, amma yaren da ƙwaƙwalwarsa ke ji na Volkswagen ne kaɗai, sai an nemo kebul ɗin KKL da kwamfuta. Peugeot 406 ta farko-farko ita ma ba ta jin wannan na'ura, kayan Lexia na binciken motocin Peugeot take buƙata. Su 504 da 505 masu kafireto kuwa babu ƙwaƙwalwar da za a tambaya ma.

Abu na biyu da ya kamata mai saye ya sani: kusan duk masu arhar nan kwaikwayo ne. Kamfanin ELM Electronics na Kanada, wanda ya ƙirƙiro ainihin ELM327, ya rufe a 2022, kuma bai taɓa fitar da wani samfuri mai lamba 1.5 ba. Duk da haka, cikin jabun, mai lamba v1.5 da ke ɗauke da cif ɗin PIC18F25K80 shi ne na saye. Masu lamba v2.1 da yawa an rage musu kayan ciki: suna iya aiki da mota ta 2008 zuwa sama, wadda ke amfani da layin CAN a rami na 6 da na 14, amma su kasa haɗuwa da tsohuwar Toyota ko Honda da ke magana ta rami na 7. Lamba mafi girma a nan ba ta nufin inganci. Ka tambayi mai sayarwa sunan cif ɗin. In ya fara kame-kame, ka ƙara gaba. Mai iPhone ya nemi samfurin WiFi ko Bluetooth 4.0, domin na Bluetooth ɗin gama-gari da Android kawai yake aiki.

Haɗawar ba wuya. Ka cusa ta mota na kashe, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ka buɗe Bluetooth ka zaɓi OBDII, lambar sirri 1234 ce ko 0000. Sai ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner. In fitilar na'urar ba ta kama ba sam, kada ka yi saurin cewa ta mutu: rami na 16 ne ke kawo wuta daga batir, kuma fis ɗinsa kan ƙone ba a sani ba. Ka auna tsakanin rami na 16 da na 4, ya kamata ka ga wajen bolt 12. Wannan ramin ba ya yanke wuta ko an kashe mota, don haka kada a bar na'urar a jiki kwana da kwanaki, tana zuƙe batir sannu a hankali.

Mafi yawan mutane lambar matsala kaɗai suke karantawa, kuma a nan ake ɓarnar kuɗi. Lambar tana faɗin inda ƙwaƙwalwa ta ga abin da bai yi mata daidai ba ne, ba ta ce maka je ka kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayo kaza ba. Ɗauki P0171, wadda ke yawan fitowa a Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE. Ma'anarta iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Abin da aka saba shi ne a sauya sensar oksijin, wutar cek ta dawo bayan kwana biyu, alhali sensar gaskiya ta faɗa. Maimakon haka, ka bari inji ya yi zafi, ka buɗe shafin bayanan kai-tsaye, ka zaɓi STFT da LTFT. Waɗannan biyun na nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa, kuma a lafiyayyen inji jimlarsu ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa da sifili.

Yanzu ka kalli lambobin a silo, sannan ka taka totur ka riƙe a 2,500. In a silo sun kai 20 amma da ka taka suka sauko kusa da sifili, iska ce ke satar hanya ta bayan sensar iska: tiyo ya tsage, ko gasket ɗin manifol ya saki. A wannan injin gasket ɗin sananne ne da haka, musamman da sanyin safiya lokacin da robar ta ƙanƙance. Ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a gefen manifol kana kallon waya. In STFT ta faɗo nan take, ka gano wurin. A yi wannan da hankali, nesa da salansa, don abin na kamawa da wuta. In kuwa a silo lambobin lafiya lau ne amma suna hawa idan inji ya ɗauki nauyi, to mai ne ba ya isa, ko sensar iska ta yi datti tana ƙarya. Ƙurar hunturu da jabun filtar iska su ne ke kashe wannan sensa a arewa. Sukurori biyu ne ke riƙe da ita. Ka ciro ta, ka fesa mata maganin da aka yi dominta, kada ka taɓa siraran wayoyin da ke ciki da komai, ka bar ta ta bushe kafin ka mayar. A injin lita 1.8 mai zafi, ba AC, ya kamata ta nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. In an wanke ta bai canza zani ba, saura famfon mai, wanda ya kamata ya ba da psi 44 zuwa 50. Wannan kam na'urar ba ta auna shi, sai an ɗaura geji.

Gwajin filogi da kwayil ya fi wannan sauƙi. P0301 zuwa P0304 na nuna silindar da ke tsallake wuta, lambar ƙarshe ita ce silindar. A injin da kowace silinda ke da kwayil ɗinta, in ka ga P0302, ka musanya kwayil na biyu da na uku, ka goge lambar, ka zaga gari. In ta koma P0303, kwayil ne, ɗaya za ka saya ba huɗu ba. In ta tsaya a P0302, ka musanya filogi, daga nan sai nozul, daga ƙarshe a auna matsin silindar. Filogin 1ZZ-FE shi ne Denso SK16R11, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma ba a bubbuga shi don a gyara tazarar, bakin siriri ne yana karyewa. In wutar cek na ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, ɗanyen mai ne ke kwarara cikin salansa yana dafa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa.

Wurin da na'urar ta fi tona asiri shi ne zafin ruwa. Allurar dashbod ba ta faɗin gaskiya dalla-dalla, ita kuwa waya lamba take ba ka. Inji mai lafiya yana zama tsakanin digiri 85 da 95. Al'adar garejinmu ta cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye, wai don ƙasarmu na da zafi, tana barin inji a digiri 60 zuwa 70 a kan babbar hanya. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara mai. Sakamakon: shan mai, baƙin filogi, baƙin mai da ke warin fetur, wani lokaci da lambar P0128. Tamostat ɗin Corolla yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma motar da ke tafasa da shi a jiki matsalarta na wani wuri, a lagireto da ya toshe, ko murfinsa, ko fanka. In kuma ka ga waya ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili a tsakiyar Kano, ba sanyi ba ne, wayar sensar ce ta yanke ko soket ɗinta ya zare.

P0420, wadda ke nuna indomi ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata, ba ta buƙatar dogon bayani a nan: a motoci da yawa da ke kan titunanmu an riga an fasa salansa an kwashe indomin an sayar. Sensar oksijin da ke bayan indomi za ta riƙa lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 maimakon ta natsu. Gogewa ba ta maganinta.

Mai shirin sayen mota ta hannu ya sa na'urar a aljihu. Da farko ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: dole wutar cek ta kama. In ba ta kama ba, an cire ƙwan ko an liƙe shi, amma manhajar za ta gaya maka ko ƙwaƙwalwa na ba da umarnin kunna ta. Sannan ka duba shafin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta. Duk lokacin da aka goge lambobi ko aka cire kan batir, waɗannan gwaje-gwajen na komawa farko, kuma sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke kammala. In ka tarar babu lamba ko ɗaya amma yawancinsu ba su kammala ba, akwai alamar an share ne kafin ka iso. Ka ce a yi doguwar zagayawa da kai, ka sake dubawa, har da lambobin da ke jiran tabbaci. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a gaggawar goge lamba a motar gida: tare da ita ƙwaƙwalwa ke ajiye hoton halin da inji yake ciki lokacin da matsalar ta faru, gudu nawa, zafi nawa, nauyi nawa. Ka ɗauki hoton shafin tukuna.

Gazawarta kuma a fili take. Inji kawai take gani sosai. Wutar ABS, jakar iska da makullin sirri sun fi ƙarfinta a yawancin tsofaffin motoci, giya kuma ɗan kaɗan take nunawa. Ba ta jin ƙarar bos ko shokozoba, ba ta san bel ya kusa tsinkewa ba. A motocin da ke magana ta rami na 7 tana da nawa ƙwarai, don layin bai kai ko kusa da saurin CAN ba. In ka jera ma'aunai goma a fuskar waya, kowanne sai ya riƙa motsi da ƙyar. Ka zaɓi uku ko huɗu. Ma'aunin bolt ɗinta ma yakan kauce da ɗan kaɗan, saboda haka kafin ka yanke wa altaneta hukunci ka tabbatar da mita a kan batir: wajen 12.6 mota na kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. Robar jikinta mai arha ce, kuma a wasu soket ɗin da suka saki takan yi sako-sako ta yanke magana a tsakiyar aiki. Kada ka tura ta da ƙarfi don ta zauna, ramukan soket ɗin motar ne za su buɗe, kuma gyaransu aikin mai wayarin ne.