Injin hannu da na ɗaura wa 504 ɗin mahaifina bai kai wata guda ba

Kwana 23 injin ya yi a motar. Ba ƙiyasi nake yi ba, domin ranar da aka ɗaura shi na rubuta a ɗan littafin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake ajiyewa a aljihun gaban mota, inda yake rubuta ranar juyen baƙin mai da canjin taya. Duk wanda zai ce sharri nake yi wa masu sayar da injin hannu, littafin yana nan.

Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1978, mai injin fetur lita biyu, wanda ake kira XN1. A cikinta na koyi tuƙi. Bara ta fara hayaƙi shuɗi-shuɗi, musamman in an sauko gangara aka sake taka totur. Sai shan baƙin mai ya biyo baya, daga nan fitilar mai ta fara ƙiftawa duk lokacin da inji ya yi zafi yana tsaye. Bai buga ba, amma ya kama hanya.

Makanikinmu dattijo ne, tun zamanin mahaifina yake duba motar, Baba nake ce masa. Ya saurari injin ya ce, "Ɗana, hanya biyu ce. Ko mu sauke shi mu kwance mu sake ɗaurewa, ko ka nemo na hannu mu jefa mata. Ni dai in tawa za ka bi, a gyara na mahaifinka. Wannan injin don a riƙa gyara shi aka ƙera shi." Ya yi mini bayani cewa silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an kai bulo, wato gangar jikin injin, an faɗaɗa ramukan ba. Na ji shi sarai. Amma ya ce aikin zai ci sati uku, kuma lissafin kayan da ya yi mini ya fi kuɗin injin hannu da nisa. Ga shi na yi wa mahaifiyata alkawarin zan kai ta wata tafiya a cikin motar, wadda rabonta da shiga tun rasuwar mai gidanta. Sai na zaɓi sauri.

Wanda ya sayar mini kowa ya san irinsu. Injin na zaune a kan tsohuwar taya, an wanke shi tas, an fesa masa fenti. Yaronsa ya jona batir, ya tsiyaya fetur a kafireto, bugu ɗaya ya tashi. Wallahi ƙararsa ta yi mini daɗi. Mai kayan ya ce, "Yallaɓai, ka ji da kunnenka, wannan bai ga wahala ba." Na zaro sandar awon mai na ga baƙin mai sabo, mai kauri. Na ce a bar ni in kawo Baba da ma'aunin kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin inji, a cire filogi a gwada kowace silinda, ya ce shi ba ya bari a taɓa masa kaya kafin a biya, kuma ai ga garanti na sati biyu. Na biya.

Abin da ban lura da shi ba a ranar, wanda yanzu nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, shi ne injin da aka tayar a ƙasa babu lagireto a jikinsa, babu ɗigon ruwa a cikinsa. Minti biyu ake barinsa a kashe. To injin da babu ruwa a ciki ta ina zai nuna maka yana haɗa ruwa da mai? Kuma mai mai kauri a inji mai sanyi yana rufe ƙarar metal da ya cinye, wato ƙarfen da kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, yake juyi a kansa. Gwajin nan na ƙasa abu ɗaya kawai yake tabbatarwa, cewa injin yana tashi.

Zan faɗi gaskiya, sati biyun farko na ji daɗinsa. Ba hayaƙi, yana tashi da safe ba gardama, har na fara gaya wa abokai Baba tsoro ne ya yi masa yawa. Abu biyu ne kawai suka ɗan dame ni. Motar ba ta jan hawa kamar da, sai na sauko giya a wurin da a da take wucewa a ta huɗu. Sannan duk bayan kwana uku ko huɗu sai na ƙara ruwa a lagireto, alhali ban ga inda yake zuba a ƙasa ba. Na ɗauka tiyo ne yake tsatsa.

Ranar tafiyar Mama ta shigo ta zauna a gaba, ta shafa dashbod ɗin, ta yi shiru. Mun yi kamar awa ɗaya da rabi lafiya ƙalau, tana ba ni labarin tafiye-tafiyen da suka yi a motar kafin a haife ni. A wani dogon hawa na ga allurar zafi ta fara ɗagawa. Na rage gudu, ta ƙi sauka. Na duba madubi na ga farin hayaƙi yana bin mu, mai kauri, ba irin na sanyin safiya ba. Kafin in samu wurin tsayawa injin ya fara tsallake wuta, motar tana karkarwa. Na gangara gefe na kashe. Na jira ya huce, na buɗe lagireto, babu ruwa ko kaɗan. Da na zaro sandar mai gwiwata ta yi sanyi: man ya haura alamar cika da nisa, ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Duk ruwan da nake ta ƙarawa ashe kaskon mai yake gangarawa.

Awa huɗu muka yi a gefen titin nan kafin mai jan mota ya iso. Babu inuwa sai ta jikin motar. Mama mai ciwon ƙafa ce, na shimfiɗa mata tabarmar but ta zauna, manyan motoci suna wucewa suna watsa mata ƙura. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Can sai ta dubi motar ta ce, "Ba ta taɓa yi wa babanku haka ba." Na ce, "Mama, ba laifinta ba ne, ba injinta ne a ciki ba." Ta ce, "To ina ka kai nata?" Na rasa amsa. Har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci, kuma ita ce dalilin wannan rubutun, ba kuɗin ba.

Da aka buɗe injin Baba bai taɓa komai ba sai da ya kira ni na zo. Ya ce, "Ɗana, gani ya kori ji." A gindin silif na uku, inda ya kamata ya zauna daram ya tare ruwa, tsatsa ta cinye mazaunin, wani ya cika wurin da gam ya danna silif ɗin a kai. Gam ɗin ya riƙe har ya wuce kwanakin garanti, sannan ya saki. Kusoshin kan inji ma ba iri ɗaya ba ne, biyu daga wani injin aka tsinto su. Wato an taɓa buɗe shi, an ga ciwon, an rufe an fesa fenti. Wannan ba tsautsayi ba ne, sani aka yi.

Bai tsaya nan ba. Baba ya ɗauko ma'auni ya auna faɗin silinda, ya sake aunawa, ya miƙo mini. Milimita 84. Na XN1 kuwa 88 ne. Ashe ƙaramin injin 504 aka sayar mini, mai cc 1796, a matsayin mai 1971. Daga waje kamarsu ɗaya ga wanda bai ƙware ba, dukansu a kishingiɗe suke zama a cikin mota, kuma inda lambar take fenti da datti sun rufe. Shi ya sa take kasa hawa.

Na koma wurin mai kayan da hotuna. Ya murje ido ya ce garanti ya ƙare da kwana tara, kuma ni na bar motar ta yi zafi. Maganar girman inji kuwa cewa ya yi, "Yallaɓai, 504 ai 504 ce." Iyakar alfarmar da ya ce zai yi mini ita ce in ƙaro kuɗi ya ba ni wani. Na tashi na bar masa wurin kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Ba zan ce duk injin hannu kyan ɗan maciji ba ne. Wani abokina ya samu nasa daga motar da ta yi hatsari ta baya, ya tuƙa ta da kansa kafin a sauke injin, ya ga allurar zafi, ya auna kwamfireshan silinda huɗun suka zo kusa da juna, shekara uku ke nan bai buɗe shi ba. Irin wannan in ka samu, ka saya. Sai dai a tuna Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, kuma ko waɗanda aka ci gaba da haɗawa a wasu ƙasashe bayan nan duk sun manyanta. Injin hannu na irin wannan mota tsoho ne kamar naka, bambancin kawai naka ka san tarihinsa.

Allah ya sa tsohon injin yana nan. 'Yan gwangwan sun taya shi sau biyu, ni har na yarda, Baba ya hana, ya tura shi lungu ya rufe da tamfol. Shi muka dawo muka kwance. Da aka buɗe, abin ya ba ni mamaki: bulo lafiya, mazaunin silif huɗun sumul, domin mahaifina bai taɓa zuba mata ruwa zalla ba sai da maganin tsatsa. Zoben fistin ne suka cinye, da metal, da hanyoyin bawul. Aka sa sabbin silif da fistin da zobe, aka yanka kiranshaf, aka canja famfon mai da na ruwa da sarƙar taimin. Na tsaya na ga Baba yana auna yadda kowane silif ya ɗan ɗago sama da fuskar bulo, domin wannan ɗagowar ce ke sa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulo, ya matse shi, sannan ya danne su da kusa da zoben ƙarfe don kada su motsa in an juya kiranshaf. Rabin yini ya yi a kan wannan kaɗai.

Amma kada wani ya ɗauka gyaran daɗi ne zalla. Sati ukun da aka ce sai da ya zama wata huɗu. Gasket ɗin farko da aka kawo jabu ne, ramukan ruwansa ba su hau daidai ba, aka mayar. Mai yankan kiranshaf ya yanka tun kafin a samo metal, da metal ɗin ya zo awon bai dace ba, aka sake zaman jiran wani. Kuɗin ya wuce lissafin farko sosai, kullum da abin da za a ce an gano. Baba kansa, duk da girman da nake ba shi, yakan ajiye aikina ya kama na masu sauri, in na zo sai ya ce, "Haƙuri, ɗana, inji ba ya son gaggawa." A wata na uku abin duniya ya ishe ni, har na ce da na dace da injin hannu na kirki da ban ko kalli gyara ba. Kuma har yanzu ina ganin wanda motarsa ita ce ƙafarsa ta kullum, ba shi da wata, wata huɗu ba ƙaramin abu ba ne a gare shi.

Ranar da aka tayar da shi, sai da Baba ya cire filogi ya juya injin har fitilar mai ta mutu, sannan ya mayar ya ba shi wuta. Ƙarar da na sani tun ina yaro ce ta dawo. Ya hana ni gudu da lodi, ya ce in riƙa sauya giya kada in bar shi a gudu ɗaya, ya juye man farko da wuri. Da na cika kilomita 1,000 na koma ya sake ɗaure kusoshin kan inji ya daidaita bawul. Yanzu na haura kilomita 6,000, ban ƙara ko cokalin mai ba tsakanin juye da juye, ruwa yana inda aka bar shi, hawan nan da muka maƙale a kansa ta wuce shi a giya ta huɗu da Mama a gaba. Aikin Baba, ban da jinkirin, ba ni da abin cewa a kansa.

Abin da ya sake tayar mini da ɓacin rai shi ne satin da ya wuce mai kayan nan ya aiko yaronsa gareji, wai in injin da ya sayar mini yana nan zai saye shi a kuɗin ƙarfe. Na san me zai yi da shi. Gam zai sake sawa, ya fesa fenti, ya ɗora a kan taya ya tayar wa wani minti biyu. Na ce ba na sayarwa. Na sa Baba ya cire kafireto da distiributa da sitata ya ajiye mini, bulon kuma a gabana aka sa guduma aka fasa shi kafin 'yan gwangwan su ɗauka.