Stellarium da neman jinjirin wata a Sakkwato

Don kallon zoben Zuhal na sauke Stellarium, manhajar kwamfuta mai nuna sararin samaniya, amma jinjirin wata ne ya sa har yau ban goge ta ba. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka ba ta neman intanet.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne wuri. Idan ka bari ta gano inda kake ta layin data, sau da yawa Legas za ta ajiye ka, digiri 6 da rabi arewa, alhali Sakkwato na kan digiri 13. Sai faɗuwar rana ta goce da mintuna, kwanciyar watan ma ta sauya. Maganinsa ka danna maɓallin F6: rubuta Sokoto, ko ka sa 13.06 arewa da 5.24 gabas da hannunka, ka duba agogo na kan UTC+1, wato lokacin Najeriya. Gwaji mai sauƙi, nemo Polaris, tauraruwar arewa, da F3. In tsayinta daga ƙasan sararin sama bai kusa digiri 13 ba, ba a gida kake ba.

Daga nan sai daɗi. F5 ka sa ranar da ta yi daidai da 29 ga watan Musulunci dab da magariba, ka danna kan watan, nan take ta jero tsayinsa, tazararsa da rana, da kwanakinsa tun haihuwa. Tazarar in ta gaza digiri 7, kada ka wahalar da idonka. Danna L lokaci ya yi gudu, ka ga minti nawa zai yi bayan rana kafin ya faɗi. Wallahi wannan kaɗai ya biya datar.

Sai dai fa allo bai san hazo ba. Lokacin hunturu ƙura kan cinye ƙasan sararin yamma, ita kuwa tana nuna maka jinjiri fes kamar an wanke. In ka yi kuskuren danna A ka kashe iskar sama, ko aka bar zaɓin ƙara girman wata a kunne cikin F4, abin ya zama yaudara tsantsa, ka je kana musu da dattawa a banza. Sanarwar ganin wata dai ta fadar Sarkin Musulmi ce.

Tsohuwar kwamfuta kuma zafi take ɗauka har fanka na kuka. Taurari sama da 600,000 da ta zo da su sun isa, kada ka sauke ƙari.