Ginin ƙasa ko na siminti: wanne ya dace da Damagaram?

Wanda ya gaji tsohon gida a Birni ko Zango, tsoffin unguwannin Damagaram, yau yana tsakanin shawara biyu: ya gyara ginin ƙasar, ko ya rushe ya tayar da bulo.

Ginin ƙasa shi ne fuskar garin nan tun kafin Faransawa su ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Dubi fadar Sarkin Damagaram da gidajen fatake na Zango: bango mai kauri na tubali, rufin azara, zankwaye a sama, ga zane a ƙofar zaure da ke nuna arzikin mai gida. A zafin bazara ɗakin soro na riƙe sanyi ko da wuta ta ɗauke, kuma mun san yadda take ɗaukewa. Wahalarsa yaɓe ne. In an yi sakaci damina biyu, indararo ya toshe, sai bango ya tsage. Azara ta yi tsada, ƙwararrun magina kuma sun ragu, abin da ya fi damuna ke nan.

Siminti da kwano kuɗi suke ci tun farko, amma ba yaɓen kowace shekara. Ana iya fitar da shaguna a bakin titi a karɓi haya, shi ya sa kewayen kasuwar Dole ya cika da su. Sai dai da rana ɗakin kwano tanderu ne.

A ganina, ɗan kasuwa a bakin babbar hanya ya yi simintinsa. Cikin lungunan Birni kuwa, a kira magini a gyara, kada a rushe.