Sikelin Xiaomi Mi Body Composition Scale 2: Nauyin Da Gaske Ne, Lissafin Kitsen Kuwa Kintace

Wani ƙorafi da ake yi a kan wannan sikeli shi ne wai ba ya tsayawa a kan magana ɗaya: da safe ya ce kilo 72, da dare ya ce 73 da rabi. Galibi ba laifinsa ba ne. Jikin mutum ne ba ya tsayawa a wuri ɗaya, shi kuma sikelin abin da aka ɗora masa yake faɗa.

Faranti ne na gilashi mai kauri, santimita 30 kowane gefe, yana cin ƙananan batura huɗu samfurin AAA, yana ɗaukar nauyi har kilo 150. Lambobin ba sa fitowa sai an hau. Yana tura sakamako zuwa waya ta Bluetooth, cikin manhajar Zepp Life wadda a da ake kira Mi Fit, kuma mutum 16 za su iya amfani da shi, kowa da shafinsa. Wanda ya saya ya ga nauyinsa ya ninka biyu kada gabansa ya faɗi. Wanda aka yi don kasuwar Sin da ma'aunin jin yake zuwa, jin ɗaya kuma rabin kilo ne. A cikin manhaja ake mayar da shi kilo.

A wajen awon nauyi ba shi da abin zargi, in dai an ajiye shi inda ya dace. Ƙafafunsa huɗu ne ke jin nauyin, don haka dole kowace ta zauna daram a kan tayil ko siminti mai sumul. A kan kafet ko darduma ƙafafun nutsewa suke yi, cikin sikelin ya taɓa ƙasa ya ɗauke wani ɓangare na nauyin, lambar ta fito ba daidai ba. Ko a kan tayil, idan ƙafa ɗaya ta faɗa a ramin da ke tsakanin tayil biyu, sikelin zai riƙa rawa. A danna kusurwoyinsa da hannu. In ya motsa, a sauya masa wuri. Masu jingine shi a bango bayan sun gama su sani cewa awon farko bayan an ɗaga shi ba abin dogaro ba ne. A taka, a sauka, a bari ya koma sifili ya mutu, sannan a hau na gaskiya.

Gwada shi ba wuya. Ka hau ka rubuta lambar, ka sauka, ka sake hawa riƙe da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ƙarin ya kamata ya zama kilo ɗaya da rabi da ɗan nauyin roba. Hawa sau uku a jere ba gwaji ba ne, domin akwai sikeli masu maimaita lambar da suka nuna yanzu-yanzu don su yi kama da masu tsayayyen awo. Kamfanin ya ce yana bambance giram 50, amma wannan ƙanƙantar matakin lambobi ce kawai, ba alkawari ba ne cewa kuskurensa bai wuce haka ba.

To, daga ina kilo ɗaya ko biyun nan ke zuwa? Ledar ruwa ɗaya rabin kilo ce. Wanda ya sha biyu ya hau sikeli ya ƙara kilo nan take. Malmalar tuwo da miya nauyinsu na nan a ciki har sai an narkar, an yi bayan gida. Abinci mai gishiri da dunƙule da yawa yana sa jiki ya riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu. Shinkafa, taliya da tuwo kuma jiki na ajiye sukarinsu a hanta da tsoka, kowane giram na ajiyar yana tafe da ruwa kamar giram uku. Shi ya sa wanda ya rage tuwo yake ganin kilo biyu sun zube a makon farko, ya ɗauka kitse ne ya narke, alhali yawancinsa ruwa ne. Cikin dare ana asarar ruwa ta numfashi da zufa, ga fitsarin asuba, don haka da safe nauyi ya fi raguwa. Mata da yawa na ƙara nauyi kwanaki kaɗan kafin al'ada, ya sauka da kansa. Mai azumi kuwa in ya hau gab da magariba, ya sake hawa bayan buɗa baki, sai ya rantse mutum biyu aka auna.

Kilo ɗaya na kitse yana buƙatar rarar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Ba wanda zai tara wannan a cin biki ɗaya. Dabarar ita ce a hau da safe bayan an kama ruwa, kafin a ci ko a sha, da kaya marasa nauyi, a wuri ɗaya kullum. A tara lambobin kwana bakwai a raba gida bakwai, a kwatanta da na makon jiya. A nan manhajar ta yi amfani, don jadawalinta na nuna inda aka dosa.

Inda sikelin ya yi rauni shi ne alƙaluma 13 da ake tallarsa da su: kitse, tsoka, ruwan jiki, ƙashi, har da "shekarun jiki". Lantarki marar ƙarfi yake turawa ta tafin ƙafa ɗaya ya dawo ta ɗayar, ya auna yadda jiki ya tare shi, sauran kuma lissafi ne da tsawo, shekaru da jinsin da ka rubuta. Lantarkin bai cika bi ta ƙirji da hannuwa ba. Ƙishirwa, wanka ko motsa jiki duk suna sauya lambar kitsen cikin awa guda. Lokacin hunturu, tafin ƙafa mai kaushi da faso yakan hana shi karantawa gaba ɗaya, sai an goga tsumma mai ɗan laima. Da safa ma ba ya yi. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau shi, mai juna biyu kuma ta nemi sikeli marar wannan lantarki.

Ga mai son bin nauyinsa kawai, ya cancanci saye, ko da yake sikeli mai batir marar manhaja zai yi wannan aikin a kuɗi ƙasa da haka. Mai ciwon zuciya ko ƙoda shi ne bai kamata ya yi wasa da hawan lamba ba: ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana uku, musamman da kumburin ƙafa ko haki, ruwa ne ke taruwa, kuma a ranar ya kamata likita ya gan shi.