Kafin ka sayi dekoda don kallon tanis a Damagaram

Ran Lahadi 8 ga Yunin 2025, ana cikin hidimar Sallar layya, ƙamshin gashi ya cika Birni, mu bakwai ne a zauren yayana gaban tele. Carlos Alcaraz ɗan Sifen da Jannik Sinner ɗan Italiya ke wasan ƙarshe na Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faris. Bayan ƙarfe biyu na rana aka fara. Muka tashi muka yi La'asar, muka dawo suna nan suna bugawa. A set na huɗu, wato zagaye na huɗu na wasan, Sinner na gab da ɗaga kofi, sai kuran ya tafi. Ƙanenmu ya zaro wayarsa ya ce, "Yaya, ku matso, ina da sauran forfe." Kawuna bakwai muka haɗa kan allon da bai kai tafin hannu ba, a nan muka ga Alcaraz ya tsallake rijiya sau uku a jere. Kafin set na biyar ya yi nisa forfen ya ƙare. Wasan da ya ci awa 5 da minti 29, sai a bakin wani muka ji yadda ya ƙare.

Tun ranar nake gaya wa duk mai shirin kashe kuɗi don tanis ya fara tambayar kansa abu biyu: wace gasa yake son gani, kuma ƙarfe nawa ake yin ta a agogon Nijar. Amsar nan ita ce za ta nuna masa abin da zai saya.

Wasan maza na ɗai-ɗai ba a hannun mai gida ɗaya yake ba. Manyan gasa huɗu da ake kira Grand Slam, kowace da masu ita da wanda suka sayar wa izinin nunawa: ta Ostireliya a Melbon cikin Janairu, Roland Garros a Faris kan jar ƙasa daga ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan kan ciyawa zuwa tsakiyar Yuli, sai US Open a Niyok daga ƙarshen Agusta. 'Yan wasa 128 ke shiga kowace, sai mutum ya ci wasa bakwai yake ɗaukar kofi da maki 2000, kuma wanda ya fara cin set uku cikin biyar shi ya yi nasara. Sauran shekarar ta ATP ce, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza: gasa tara na Masters masu maki 1000, da masu 500, da masu 250 irin wadda ake yi a Marakesh ta Maroko cikin Afrilu, sannan ta manyan 'yan wasa takwas a Turin cikin Nuwamba. A waɗannan set biyu cikin uku ake nema, wasa ya fi saurin ƙarewa.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa tarko. Tennis TV, manhajar ATP ce ta kanta, kuma ga wanda tanis ya shiga jininsa babu kamarta. Kusan kowane mako akwai gasa, ka zaɓi filin da kake so, in barci ya kwashe ka da safe ka mayar da wasan baya ka kalla. Amma ba ta nuna Grand Slam ko ɗaya. Wanda ya biya abonema na shekara da niyyar ganin Wimbledon ya yi asara. Biyan ma sai da katin banki, ko ta rumbun manhajoji na waya, ba a kiyos ɗin bakin titi ake sayen ta ba. Sharhinta da Turancin Ingilishi ne. Sannan ga cin intanet: hoto mai kyau yakan lashe giga guda ko fiye cikin awa. Lissafa wasan awa biyu da rabi sau uku a mako, ka gani ko forfen Airtel, Moov ko Zamani da kake saye zai ɗauka. Mai wifi a gida ko a wurin aiki, shi wannan hanya ta dace da shi. Mai dogaro da forfen yini gara ya rage ƙarfin hoton, ƙwallon zai ɗan yi hazo amma wasan zai kai ƙarshe.

Parabol kuwa, biyu ake magana a garin nan. Canal+ shi ne a hannu: wakilai ko'ina, biya da sefa, sharhi da Faransanci, in ya lalace mai gyara na nan kusa. Sai dai yawancin masu sayarwa ƙwallon ƙafa suka sani, kuma izinin nuna tanis yana sauya hannu in yarjejeniya ta ƙare. Kada ka yarda da "akwai wasanni duka, Alhaji." Ka ce masa, "Maigida, buɗe mini jadawalin tashar in ga sunan gasar da idona, kuma a wane buke take." In bai nuna maka ba, riƙe kuɗinka. Na taɓa biyan buke na ƙasa a kan maganar baki, na je gida na tarar tashar da nake so a kulle, sai da na ƙara kuɗi.

DStv na da tasha sukutum ta tanis a SuperSport, wadda ke kawo manyan gasa da na ATP, don haka wajen yalwa ta fi. Nauyinta shi ne tana cikin buke masu tsada, sharhi da Ingilishi, kuma masu ita a nan galibi ta hannun 'yan'uwa masu zirga-zirgar Kano suke biya da naira. Ranar da abonema ya yanke ana gobe wasan ƙarshe, ka dogara ne da wanda zai ɗaga maka waya.

Akwai lissafi guda da ya kamata mai biyan wata-wata ya sani. Tsakanin wasan ƙarshe na Roland Garros da na Wimbledon mako biyar ne. A 2025 daga 8 ga Yuni zuwa 13 ga Yuli. Abonema na kwana talatin ba zai haɗa maka su biyun ba, kowace rana ka fara. Wata biyu kake bukata, ka fara a makon ƙarshe na Mayu, ka samu gasa biyun cif. A ganina waɗannan wata biyun su ne mafi riba ga ɗan Zinder, saboda agogo. Lokacin bazarar Turai Faris ta fi mu awa guda kawai, Landan kuwa agogonmu ɗaya. Ka dawo daga kasuwar Dole ko ofis, ka ci abinci, ka zauna.

Sauran manyan gasa biyun, US Open da ta Ostireliya, akwai wahala. Niyok muna gabanta da awa biyar, wasan darensu na ƙarfe bakwai sha biyun dare ne a nan, yakan kai asuba. Melbon ta fi mu awa goma: wasan rana ana fara shi ne wajen ɗayan darenmu, na dare kuma ƙarfe tara na safe, kana wurin aiki. Wasan ƙarshenta dai na faɗowa ran Lahadi da hantsi. Wanda ba ya iya hana idonsa barci, kada ya sabunta buke mai tsada don waɗannan. Taƙaitaccen bidiyon da gasannin ke sakawa kyauta a YouTube, da manhajar ATP mai nuna maki kai tsaye, sun ishe shi.

Gidan kallo na da arha, amma telekomand na hannun masu rinjaye. Ran da Real Madrid ke wasa ba mai juya maka tasha. Yuni da Yuli da ake hutun lig ne kake da bakin magana, in kun haɗu ku biyar ko shida daga fada ɗaya kuka yi ciniki da mai gidan tun da wuri. A shekarar kofin duniya, kamar 2026 da aka sa shi daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli, wannan ƙofar ma a rufe take. Ƙananan akwatunan da ake talla wai suna buɗe tashoshi dubu kuwa, ban ba kowa shawara ba. Ba su da izini, kuma a ranar babban wasa, da jama'a suka yi yawa, a ranar suke tsayawa cak.

Abin da na fi so a ji shi ne zancen wuta. Ƙwallon ƙafa minti casa'in ne, ka san lokacin tashi. Tanis ba shi da agogo. John Isner da Nicolas Mahut sun yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku a Wimbledon ta 2010. Tun 2022 manyan gasa huɗun suka daidaita kan cewa in set na biyar ya kai shida da shida a raba gardama da maki goma, amma har yanzu wasan awa huɗu ko biyar ba abin mamaki ba ne. Roland Garros na zuwa ne a tsakiyar zafi, lokacin da kuran ya fi yankewa. Wimbledon da US Open kuma cikin damina suke, hadari ya taso hoto ya daskare, iska ta karkatar da farantin. Saboda haka kafin buke mai tsada, ka fara sayen batir da ɗan inbata da za su riƙe tele da dekoda awa biyar, in da hali ka haɗa da panno. Ka sa mai ɗaura parabol ya kafa shi a jikin bango mai ƙarfi da ƙusoshi na kirki, ba kan tulin bulo a saman soro ba.

Mu dai abin da muka yi a gidan yaya ke nan: muka haɗa kuɗi mu huɗu muka sayi batir, muna biyan babban buke wata biyu daga ƙarshen Mayu, sauran shekara mu koma ƙarami. Ƙanen nan namu shi ke riƙe da Tennis TV a wayarsa saboda akwai wifi a wurin aikinsa. Ran 13 ga Yuli da Sinner ya rama kan Alcaraz a wasan ƙarshe na Wimbledon, kuran ya tafi a set na biyu, fanka ta tsaya, telen ba ta ko ƙifta ba. Muka ja tabarma kusa da ƙofa don iska, aka ɗora shayi na biyu.