Kdenlive na Windows, ya yi min wallahi

Jama'a masu harkar bidiyon biki da suna a nan gefen Gumel da Maigatari, ku nemi Kdenlive, manhajar yanka da haɗa bidiyo ce a kwamfuta. Asalinta manhajar Linux ce (wani tsarin kwamfuta kamar Windows) ta mutanen KDE, wata ƙungiyar masu ƙirƙirar manhajoji, kyauta ce, daga baya suka yi wahalar gyara ta har ta hau Windows, suka haɗo ta da duk kayan da take bukata irin su FFmpeg (mai karanta bidiyo da fitar da shi) a fayil ɗaya, ba sai ka sake ƙona data kana neman wani abu ba.

Ni wadda ba a installin ɗinta na ɗauko, na zuba a filash, duk kwamfutar da na samu a shago sai in buɗe kawai in ci gaba da aiki, ba kirak (fasa manhajar kuɗi) ba sayen lasisi ba wani tambari a kan fuskar amarya, kuma kun san yadda dangin ango suke ƙorafi a kan wannan.

Laftof ɗina tsohuwa ce ram 4, to sai na kunna proxy, wato manhajar ta yi ƙaramin kwafin bidiyon mara nauyi ka yi yanka da shi, yankan ya daina tsayawa. Fitar da bidiyo dai sai ka samu caji sosai, ni da rana nake yi lokacin da sola ke da ƙarfi.

Allah ya saka wa waɗanda suka yi aikin nan da alheri.