Sharhi: pawa pak mai wat 650 da na haɗa wa katin RTX 3060 a Katsina

Sana'ata haɗa bidiyo ce, na biki da suna da walimar sauka, idan Sallah ta zo kuma hawan daba. Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura. Da masu aiki suka fara neman 4K, kwamfutata mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-10400 ta soma jan ƙafa, sai na sayi katin hoto RTX 3060 mai gigabait 12, wanda Nvidia ta fitar a 2021. Katin ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Abin da nake so in yi sharhi a kai shi ne pawa pak ɗin da ke ba shi wuta, domin shi ne abin da mutanenmu ke mantawa da shi wajen lissafin kuɗi.

Ramin da ake soka katin a jikin madabod, babban faifan da kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, wat 75 kaɗai yake bayarwa. RTX 3060 kuwa yana jan wat 170 idan aiki ya yi zafi. Ragowar dole ta biyo ta waya kai tsaye daga pawa pak, ta fulogi mai haƙori 8 wanda ke ɗaukar wat 150 (mai haƙori 6 rabin haka yake ɗauka). Tsohon pawa pak ɗina da ya zo tare da akwatin kwamfutar ba shi da wannan fulogin sam, ko da yake an rubuta 500W da manyan baƙaƙe a jikinsa. Yaron da ke mini gyara ya ciro shi, ya goge ƙurar takardar da ke gefe da babban yatsa, ya nuna mini layin da aka rubuta +12V. Amfiya 18 ke nan. Ya ce, "Yaya, ninka 12 sau 18." Wat 216. Kati da furosesa duk daga wannan layin suke sha, kuma 170 na kati da 65 na furosesa sun riga sun wuce 216 tun kafin a lissafa fankoki da sauran kaya. Wancan 500 ɗin na ado ne.

A kasuwa an yi mini tayin wata 'yar waya mai araha da ke juya fulogin SATA ya koma mai haƙori 8. Na ƙi, kuma ina roƙon duk mai karatu ya ƙi. Fulogin SATA an yi shi ne don had dis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, wutar bolt 12 da zai iya ɗauka ba ta wuce wat 54 ba. Ka ɗora masa kati mai neman ninkin haka, roba za ta yi zafi ta narke, wani lokaci har da tartsatsi a cikin akwatin da ke ɗauke da aikin bikin mutane.

Pawa pak ɗin da na saya mai wat 650 ne, da tambarin 80 Plus Bronze da ke nuna ba ya ɓarnar wuta da yawa. Nvidia wat 550 ta ba da shawara ga wannan katin, na ƙara ɗari don zafin garinmu da kuma gaba. Tun a hannu za ka ji bambanci, ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba. Takardarsa ta nuna amfiya 52 a layin bolt 12, wato kusan duk ƙarfinsa yana inda ake buƙata. Yana da fulogin kati guda biyu irin mai 6+2. A nan a kula: akwai wani mai haƙori 8 da ke rabuwa 4+4, wannan na furosesa ne, tsarin wayoyinsa daban. Idan fulogi ya ƙi shiga da sauƙi, kada a danna shi da ƙarfi, a duba rubutun da ke jikinsa. Idan ya shiga daidai, za ka ji ɗan maƙallin ya ce ƙas.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutun 100 zuwa 240V da ke jikinsa. Duk mazaunin Katsina ya san yadda wuta ke raunana da yamma a watannin bazara, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firij. Na sha kallon allurar sitabilaiza ta sauka ƙasa da 190, kwan fitila ya yi ja, amma kwamfutar tana ta fitar da bidiyo ba ta ko girgiza ba. Akwai masu araha da 200 zuwa 240V kawai suke karɓa, su ne ke mutuwa a irin wannan lokacin. Duk da haka ban cire sitabilaiza ba, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ke ƙona kaya.

Wani lissafin da ya biyo baya shi ne na UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Ƙaramin nan mai 650VA da ke ko'ina a shaguna, ainihin abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba. Pawa pak mai Bronze kuma kusan kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya ja yake miƙa wa kwamfuta, saura ta tafi a zafi. Idan kayan ciki suna cin wat 300, daga bango ana jan kusan 350, ga allo a kai. Da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, UPS ɗin ya yi ta ƙara ya mutu nan take. Na koma kan inbata mai tsabtatacciyar wuta, irin wadda masu sola ke kira piyo sayin, tun daga nan hankalina ya kwanta. Mai ƙaramin janareta ma ya yi wannan lissafin kafin ya haɗa kwamfuta da fanka da fitilu a kansa.

Inda pawa pak ɗin bai gamsar da ni ba: wayoyinsa a manne suke, ba a cirewa, waɗanda ba ka buƙata sai ka ɗaure su ka cusa a bayan akwati, suna tare iska suna tara ƙura. Fankarsa kuma a watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, tana ɗaga murya har ka ji ta daga ƙofar shago. Lokacin hunturu sai na riƙa hure shi da buluwa a kai a kai, a kashe kuma a zare daga soket. Kada kowa ya kwance murfinsa, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an kashe.

Kuɗinsa bai kai rubu'in kuɗin katin ba, kuma zan sake sayen irinsa. Amma wanda ke da kwamfutar ofis ta gwanjo, siririyar nan, ya dakata tukuna. Yawancinsu pawa pak ɗinsu bai kai wat 300 ba, fuloginsa da girmansa na kamfanin ne kaɗai, wannan ba zai shiga ba. Gara ya nemi katin da ramin madabod ke isar sa, kamar RTX 3050 mai gigabait 6 da ke cin wat 70, ko GTX 1650 marar fulogi, ya kuma tabbatar gajeren samfuri ne da murfin akwatin zai rufu a kansa.